Gwiwar hagu da kafaɗa sun hana ni sakat a wasan golf

Assalamu alaikum Malam,

Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na filin wasanni. Ni mazaunin Agege ne a nan Legas, shekarata 46, ina sana'ar canji a Ikeja. Tun ina saurayi na san golf, domin na daɗe ina ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna a filin Ikoyi. Sai bara Allah ya hore mini na sayi sandunan gwanjo, na fara bugawa a filin Ikeja.

Damuwata tana wajen jan sanda baya, kafin in sauko da ita kan ƙwallo. Da hannun dama nake bugu, ka ga ƙafar hagu ce a gaba. Ɗana ya ɗauke ni bidiyo a waya, na kuwa ga abin da idona. Ina fara ja, sai gwiwar hagu ta rufta ciki kamar za ta taɓa ta dama, ƙugu ya zame gefe maimakon ya juya. Ita kuma kafaɗar hagu, da ya kamata ta ɗan sunkuya ta shige ƙarƙashin haɓa, sai ta taso ta tokare mini baki. Kafin sanda ta kai sama kaina ya riga ya bar wurinsa. Shi ke nan, ko in sari ƙasa taƙi guda kafin ƙwallo, ko in shafi kanta ta gangara.

Na nemi shawarar mutum biyu, kowa da tasa. Tsohon maigidana, wanda na riƙe wa jaka shekaru, ya ce in kafe gwiwar kada ta motsa, kafaɗa ta juya digiri 90, ƙugu kuma kada ya wuce 45. Mako uku ina bin maganarsa da sandar tsintsiya a kafaɗa, gaban madubi, kullum bayan sallar asuba. Ruftawar ta ragu, gaskiya. Amma kafaɗar sai ta tsaya rabin hanya, bayana ya riƙe, gwiwar ta fara yi mini zogi har a zaman tahiya. Wannan ne ya tsorata ni, don ban manta ba a 2008 shahararren ɗan golf Tiger Woods da raunin gwiwar hagu ya ci gasar US Open, daga nan aka yi masa tiyata.

Wani matashin koci kuma ya ce in saki gwiwar, ta ɗan leƙo wajen ƙwallo, har in ɗaga diddige in na so, tunda tsohon gwanin golf Jack Nicklaus haka yake yi ya ci manyan gasa 18. Zuciyata ta fi kwanciya da wannan, saboda jikina ba na ɗan ashirin ba ne. Sai dai ina sakinta take komawa gidan jiya.

To Malam, ina iyakar motsin da aka yarje wa gwiwar nan? Ita ce ke jan kafaɗa, ko kuwa rashin sunkuyawar kafaɗa ne ke tura ta ciki? Da wanne zan fara? Kuma wannan zogin, in huta kawai, ko in ga likitan ƙashi tukuna? Ƙarshen watan gobe aka gayyace ni wasa a filin golf na Lakowe, ban ba da amsa ba sai na ji daga gare ka.

Allah ya ƙara basira.

Naka mai sauraro,
daga Agege, Legas