Zuwa ga Edita: Abin da ke sa intanet jan ƙafa idan ana cikin tafiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi bayani a kan wani abu da jama'a ke kuka da shi kullum, amma ba kasafai ake faɗin ɗaya daga cikin dalilansa ba. Ni malami ne mai koyar da darasin sadarwa a nan Kaduna, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata dattijuwa da muka zauna kusa da juna a jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa ta Idu da ke Abuja. Tana magana da jikanta ta bidiyo, sai hoton ya riƙa tsayawa cak, muryar tana kakkatsewa. Ta ɗaga wayar ta kanga ta da taga, ta sauke, sannan ta miƙo mini ta ce, "Ɗana, duba mini, ko data ce ta ƙare?" Na duba na ce, "Hajiya, datarki tana nan, alamar sabis ma a cike take." Abin ya tsaya mini a rai, domin na san amsar tambayarta, amma ban taɓa ganin an rubuta ta da Hausa ba.

Gaskiya ne ƙarancin turakun sadarwa a daji, da cunkoson masu waya, da sauyawar waya daga wannan turke zuwa na gaba, duk suna kawo cikas. Sai dai akwai wani dalili da ido ba ya gani, wato tsufan labarin hanya, ma'ana bayanin da turke ke da shi a kan hanyar da sigina ke bi zuwa waya.

Turken sadarwa na zamani ba eriya ɗaya gare shi ba. Na 4G yakan yi aiki da biyu ko huɗu, na 5G kuwa yakan kai 64, kuma amfanin yawan nan shi ne turke ya tattara ƙarfin siginarsa ya nufi inda waya take, har ma ya yi wa mutane da yawa hidima a lokaci guda a kan zango ɗaya ba tare da saƙon wani ya shiga na wani ba. Amma hakan ba zai yiwu ba sai turken ya san halin hanyar da ke tsakaninsa da kowace waya, domin sigina ba miƙewa take yi kai-tsaye ba, tana dukan bango da rufin kwano da duwatsu ta iso ta fuskoki da dama, a wani wuri sassanta su haɗu su ƙarfafa juna, a wani wuri su kashe juna. Duk wanda ya saurari Rediyon Kaduna a kan mita 49 gajeren zango ya san yadda murya ke tasowa ta kuma lafa, to, dangin wannan ne. Saboda haka waya takan auna hanya ta aika wa turke rahoto, ko kuma turken ya auna da kansa daga wata alama da wayar ke turowa, kamar yadda direba a tashar Kawo ke tambayar wanda ya shigo yanzu, "Yaya hanya?" kafin ya ɗauki fasinja.

Matsalar ita ce labarin nan yana tsufa da saurin da hankali ba ya ɗauka. Zangon gigahaz 3.5, wanda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjonsa domin 5G a watan Disambar 2021, tsawon igiyarsa, wato tazarar da ke tsakanin wannan tashin sigina da na gaba, bai kai santimita 9 ba, kuma idan waya ta gusa da rabin wannan, wato kamar faɗin yatsu biyu ko uku, halin hanya ya riga ya canja. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan rahoto ya yi jinkirin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa kafin a yi aiki da shi, wayar ta riga ta yi gaba da santimita 14, alhali mai tafiya a ƙasa cikin Kasuwar Barci bai gusa da ko santimita ɗaya ba a wannan ɗan lokacin. Turke sai ya harba sigina bisa yanayin da ya riga ya wuce, saƙon wannan ya malala cikin na wancan, wayar ta kasa fahimta ta nemi a maimaita, kuma wannan maimaicin ne Hajiya ta gani a matsayin tsayawar hoto.

Masana ba su naɗe hannu ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a yawaita rahoto, amma kowane rahoto yana cin filin da ya kamata saƙon mutane ya bi. Wata hanyar ita ce hasashe, inda ake duba yadda hanya ta riƙa canjawa a baya a ƙiyasta yadda za ta kasance nan gaba kaɗan, kuma ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin wayar salula ta shigar da irin wannan gyara a kundinta na 18 domin wayoyin da ke cikin mota ko jirgi mai gudu. Akwai kuma dabarar da Siavash Alamouti ya wallafa a 1998, wadda ke aika saƙo ta eriya biyu cikin wani tsari da ba ya buƙatar turke ya san hanya sam. Saurinta bai kai na sauran ba, amma ba ta yaudara, da babu kuwa gara ba daɗi.

Wadda ta fi burge ni, wadda kuma nake jin daɗin koyar da ita duk shekara, ita ce ta Mohammad Ali Maddah-Ali da David Tse, waɗanda suka nuna a 2010 a Amurka cewa labarin da ya tsufa gaba ɗaya ma yana da amfani. A ɗauka turke yana da eriya biyu, akwai kuma mutum biyu. A zagaye na farko sai ya aika saƙo biyu na mutum na farko a cakuɗe, shi ya ji wani cakuɗi da bai ishe shi warwarewa ba, na biyu kuma ya tsinci wani cakuɗin daban wanda ba nasa ba, amma ya adana shi. A zagaye na biyu sai a yi haka da saƙo biyu na mutum na biyu. Yanzu tsohon rahoto ya iso, kuma ko da bai gaya wa turke yadda hanya take a yanzu ba, ya gaya masa ainihin abin da kowa ya tsinta na ɗan'uwansa. A zagaye na uku sai turke ya haɗa tsintuwar nan guda biyu ya aika sau ɗaya, kowa ya cire wadda ke hannunsa, abin da ya rage shi ne daidai guntun da yake nema ya warware nasa saƙon. An isar da saƙo huɗu ke nan a zagaye uku, maimakon uku da za a isar in an watsar da tsohon labarin. Ribar ta fi fitowa idan sigina na da ƙarfi, kuma tana buƙatar rahoto mai yawa daga wayoyi, amma ta sauya yadda masana ke kallon lamarin baki ɗaya.

Roƙona ga NCC shi ne, idan za a auna ingancin sabis, a riƙa aunawa a cikin mota da jirgi suna gudu, a kan layin dogon Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186 da aka buɗe a 2016, da kuma titin Kaduna zuwa Zariya da Kano, a kuma wallafa sakamakon kowa ya gani. Su kuma kamfanoni, ya kamata su ƙarfafa ƙananan zanguna irin megahaz 900 a waɗannan hanyoyi, tunda igiyarsa ta kai santimita 33, labarin hanya ya fi daɗewa bai tsufa ba, tana kuma cin nisa. Ɗalibanmu na injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello za su iya ɗaukar wannan awo a matsayin aikin kammala karatu, domin abin da ake buƙata a fara bai wuce waya da kwamfuta da tikitin jirgi ba, ni kuma a shirye nake in zauna da duk ɗalibin da ke son farawa.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Wani malamin sadarwa,
Tudun Wada, Kaduna.