Ɗan mujiyar da na tsinta a gindin rumbu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in roƙi iyaye su hana yara jifan mujiya. Bayan girbin bara, da sanyin safiya, na tarar da yaran unguwarmu sun yi da'ira a gindin tsohon rumbunmu, kowa da dutse a hannu. Ashe ɗan mujiya ne, jikinsa fari kamar auduga, yana ta huci. Na kore su. Na so in mayar da shi sheƙa, amma jinkar ta rufta, uwar kuma ba ta dawo ba.

Na sa shi a kwali da tsumma a ɗaki mai duhu. Da farko na yi wauta, na jiƙa masa gero kamar ɗan tattabara. Ko kallo bai yi ba, don mujiya nama take ci. Sai na koma ɗana tarko, in yayyanka ɓera in miƙa masa da tsinke bayan magariba. Ban taɓa ba shi wanda maganin ɓera ya kashe ba, ban kuma ɗura masa ruwa ba, kada ya shaƙe. Da safe nakan tsinci dunƙulen gashi da ƙashi da ya amayar.

Uwargida kuwa kwana uku ta yi tana fushi, wai na kawo mugun abu gida.

Bayan sati shida na bar masa taga a buɗe, ya tafi. Har yanzu da dare ina jin kukan mujiya a kan tsamiyar bayan gida, ɓera kuma ya yi sauƙi a rumbu.

Naka,
Wani manomi daga Gumel