Ba inji kaɗai ke shan mai ba, a duba aksul na baya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hirar tasha da ta gareji ba ta wuce yadda mota za ta rage shan mai. Wannan ya ce a canza fulogi, wancan ya ce a wanke injekta ko a ɗaure kafireta. Duk suna da amfani. Amma akwai wurin da ba a cika leƙawa ba a motocin da tayoyin baya ke tura su, irin su Hiace, Hilux, Canter da tsofaffin Peugeot 504 da 505 da aka haɗa a Kaduna, wato aksul na baya, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya yana juya su. Masu Golf da sauran motocin da gaba ke ja, tasu giyar tana cikin giyabos ne, ba kasafai ake musanya ta ba.

A cikin tulun nan da ke tsakiyar aksul akwai giya biyu: babba mai kama da faranti, da ƙarama wadda farfela, wato doguwar sandar da ke kawo juyi daga giyabos, ke juyawa. Idan babbar tana da haƙora 41, ƙaramar tana da 10, sai farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta zaga sau ɗaya. Idan 43 ne da 10, lissafin ya zama 4.30. Idan 41 ne da 9, ya zama 4.56, idan kuwa 39 ne da 8, ya kai 4.88. Duk yadda lambar ta ƙaru, motar za ta fi ƙarfin tashi da lodi da hawan tudu, amma injin zai fi yawan juyi a kowace kilomita.

Mu ɗauki bas mai tayar da ke cin kusan mita 2.1 a zagaye ɗaya. A gudun kilomita 100 a awa, tayar tana zagawa kamar sau 790 a minti. Mu ƙaddara giya ta biyar tana juya farfela sau ɗaya a kan 0.8 na juyin inji. Da aksul mai 4.10 injin yana juyi kusan 2,600 a minti. Da mai 4.88 zai kai kusan 3,080. Gudu ɗaya, hanya ɗaya, amma an ƙara wa injin juyi kusan 500 a kowane minti, kuma kowane juyi da man da yake ci wajen gogayyar fistin da boris da famfunan da yake ja. Ba na cewa shan man zai ƙaru da kashi 19 cikin ɗari kamar yadda juyin ya ƙaru, bai kai haka ba, amma mai yin Kano zuwa Kaduna kullum zai gani a aljihunsa.

Yadda matsalar ke shigowa kuwa sananne ne. Aksul ya fara kuka, ko haƙori ya karye, sai a aika yaro kasuwar kayan mota ya samo wanda noti da kusoshinsa suka zauna. Ya zauna, an ɗaure, mota ta tashi, shi ke nan. Babu wanda ya ƙirga haƙori. Alhali kamfani ɗaya yakan saka lamba daban-daban a mota iri ɗaya, gwargwadon injinta, dizal ne ko fetur, da irin giyabos ɗinta.

Ana iya gane lambar ba tare da an kwance komai ba. A ajiye mota a wuri mai lebur, a datse tayoyin gaba da dutse ko katako, a sa giya a firi, a saki birkin hannu, a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, a tokare motar da abin da ya fi jak aminci. A yi alama da alli a jikin farfela da jikin taya. Sai a juya tayar sau biyu cif, wani yana ƙirga juyin farfela. Sau biyu, domin idan ɗaya tayar tana ƙasa, ƙananan giyoyin ciki suna raba juyin gida biyu. Huɗu da ɗan ɗoriya, 4.10 ke nan. Huɗu da rabi, 4.56. Ya kusa biyar, 4.88. Idan tayar ta ƙi juyawa, aksul ɗin mai kama tayoyi biyu ne, sai a ɗaga duka biyun a juya su tare sau ɗaya.

Akwai kuma abin da ke ruɗar direbobi. A tsofaffin motoci maleji daga giyabos yake ɗaukar lissafi, bai san an canza aksul ba. Motar da aka fitar da 4.10 aka saka mata 4.88, in ta yi kilomita 100 maleji zai rubuta 119. Direba ya raba da litar da ya sha, ya ga kamar motar ta gyaru, alhali ƙarya malejin ya yi masa. Kafin a yarda da kowane lissafi, a gwada malejin da taswirar waya a doguwar tafiya, a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a dawo a sake cikawa a famfo guda, a yi haka sau uku.

Kada kuma a ɗauka ƙaramar lamba ita ce magani ga kowa. Bas ɗin da ke ɗaukar buhunan masara daga kasuwar ƙauye, ko mai hawan tsaunukan Filato da Mambila, idan aka saka masa aksul mai ƙaramar lamba, injin zai riƙa nishi a giya ta biyar, direba ya danne totur har ƙasa ko ya koma ta huɗu ya zauna a can. Mai ya tafi, kuloci ya ƙone. Babbar taya ma haka take yi, domin ƙara mata tsayi daidai yake da rage lambar aksul. Masu Hilux mai jan gaba da baya su kula sosai: dole lambar gaba da ta baya su zo ɗaya, in ba haka ba ranar da aka saka ja huɗu a busasshiyar hanya wani abu zai karye. Kuma giyoyin nan biyu tare ake sassaƙa su a masana'anta, ba a haɗa babbar wannan da ƙaramar wancan. Mai na aksul shi ne mai kauri mai alamar GL-5, kamar 80W-90, a zuba har ya kawo bakin ramin cikawa.

Sauran aikin yana ƙafar direba. Turjiyar iska tana ninkuwa ne da gudu: daga kilomita 90 zuwa 120 a awa tana ƙaruwa da kusan kashi 78 cikin ɗari, balle an ɗaure kaya a saman mota. Man da rage gudu zai adana ya fi duk abin da canjin aksul zai rage. Jan giya ta biyu da ta uku har inji ya yi ihu ɓarna ce, haka nan manne wa motar gaba ana totur ana birki. Sa mota a firi a gangara kuma, ban da haɗarinsa, bai da riba a mota mai injekta, domin idan tana cikin giya aka ɗaga ƙafa, kwamfutarta tana yanke mai, a firi kuwa sai ta ba inji abin da zai riƙe silo, wato ɗan juyin da ke hana shi mutuwa. A auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi, a bi lambar da ke jikin ƙofar direba. Bayan tafiya a kai hannu kusa da gangar birkin baya: idan ɗaya ta fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba, birki yana riƙewa, a sassauta shi kafin a taɓa inji.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani makanike, Kano