Amsa ga malamin da ya tambayi gaskiyar gizagizan sararin samaniya

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin kimiyya na rediyo ka bugo waya ka yi mini tambaya, sai lokaci ya ƙure ban ba ka amsar kirki ba. Ka ce ɗalibanka sun kawo maka hotunan wasu gizagizai masu ja da kore a can ƙuryar sararin samaniya, suna musu ko zanen kwamfuta ne. Ka kuma ce tunda babu iska a can, me ya tara gajimare, kuma me ke ci da wuta har yake haske? Da yake a bainar jama'a ka tambaya, ga amsar a bainar jama'a.

Gizagizan nan na gaske ne, masana suna kiran su nebula, kuma akwai wanda za ka gani da idonka. Tsakanin Disamba da Fabrairu, bayan sallar isha'i, daren da hazo ya lafa kuma babu farin wata, ka nemi taurari ukun nan da ke jere a layi ɗaya cikin ƙungiyar Oriyon. Kudu da su kaɗan akwai wani gajeren jeri na ƙanana. Na tsakiyarsu ba shi da kaifi irin na sauran, dishi-dishi yake. Shi ne gajimaren Oriyon. Hasken da ke shiga idonka ya baro can kimanin shekara 1,340 da suka wuce, faɗin gajimaren kuwa ya fi tafiyar haske ta shekara 20.

Akwai iska a can, sai dai ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma yawancinta haidurojin ce da hiliyom da ɗan ƙura. A gurbin da bai wuce kan yatsa ba, iskar ajinka tana da ƙwayoyi wajen biliyan sau biliyan 25. A gajimaren Oriyon, gurbi irin wannan ɗaruruwa ne zuwa 'yan dubbai. Girmansa ne ya sa ake ganinsa, kamar hazon hunturu da ba ka ganinsa a tafin hannunka amma ya ɓoye maka dutsen da ke bayan gari.

Abin da ke tara shi kuwa ƙarfin nan ne da ke jan kowane abu mai nauyi zuwa ga ɗan uwansa. Inda iskar ta yi sanyi sosai, kusan digiri 260 ƙasa da sifili, ƙwayoyinta ba su da kuzarin watsewa, sai su yi ta matsowa cikin miliyoyin shekaru. A wannan hali gajimaren baƙi ne wuluk, har yana tare hasken taurarin da ke bayansa. Wasu sassa nasa su dunƙule, cikinsu ya yi zafi, su zama taurari. Manyan cikinsu, irin huɗun da ke tsakiyar Oriyon, suna fitar da haske mai ƙarfi da ake kira ultarabayolet. Shi ne ke fizge elektiron, wato ɗan ƙaramin ɓangaren ƙwaya mai ɗauke da lantarki, daga ƙwayar haidurojin, idan elektiron ɗin ya koma mazauninsa sai ya saki haske, mafi yawa ja. Ka ga ke nan babu abin da ke ƙonewa, Malam. Iska ce ke amsar ƙarfi daga tauraro tana mayarwa.

Koren ya daɗe yana wahalar da masana, kuma labarinsa ya cancanci a ba ɗalibai. A 1864 William Huggins na Ingila ya rarrabe hasken wani gajimare da na'ura, ya tabbatar iska ce mai haske, amma ya ga layin kore da bai dace da wani sinadari da aka sani ba. Aka ɗauka sabon sinadari ne har aka raɗa masa suna. Sai a 1927 Ira Bowen na Amurka ya nuna oksijin ce, wadda ke ba da wannan launi kawai inda iska ta yi ƙarancin da ba a samu a duniyarmu.

Ba duka ne wurin haihuwar taurari ba. Wasu gawa ce. A 1054 masanan Sin sun rubuta cewa wani sabon tauraro ya bayyana, ana ganinsa da rana tsaka har kwana 23. Babban tauraro ne ya tarwatse, kuma tarkacensa, wato gajimaren Ƙaguwa, har yanzu yana bazuwa da gudun kusan kilomita 1,500 a daƙiƙa. Matsakaitan taurari irin ranarmu, idan sun tsufa, sukan zubar da fatarsu a hankali, ita ma ta zama gajimare. Akwai kuma wanda ba shi da hasken kansa: shuɗin da ke kewaye Kaza da 'Ya'yanta a hoto ƙura ce ke maido hasken taurarin.

Game da launi, ɗalibanka suna da ɗan gaskiya, kuma ina roƙonka kada ka danne ta. Ido ba ya rarrabe launi a haske mai rauni, shi ya sa Oriyon zai fito maka toka-toka ko da ta madubin hangen nesa. Kyamara takan daɗe tana tara haske. Wani lokaci kuma masana ne ke raba launukan da gangan: a shahararren hoton gajimaren Mikiya da na'urar hangen nesa ta Hubble ta ɗauka a 1995, an ba haidurojin kore, oksijin shuɗi, farar wuta ja, don a gane inda kowanne yake. Na'urar hangen nesa ta James Webb ma galibi hasken da ido ba ya gani take kamawa. Siffar da ke hoton da iskar da ke cikinta gaskiya ne, launin ne ya kamata su riƙa tambayar yadda aka zaɓe shi.

Ka gaida mini ɗaliban. Wassalam.