Wasiƙa zuwa ga Yaya daga Warso, babban birnin ƙasar Folan

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Inna? Ni ma ina nan lafiya, aiki sai godiya. Sanyi ya ja baya, yanzu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare.

Na turo naira dubu 400 ta hannun da muka saba. Dubu 250 na kwanon ɗakin Inna ne, a kira kafinta tun damina ba ta kankama ba. Dubu 100 na taki. Sauran kuɗin makarantar Auta ne, kuma don Allah kar a danƙa masa a hannu, kai da ƙafarka za ka kai.

Sai maganar da Goggo ta kai wa Inna, wai an ga hotona gaban gunki ina sauraren kiɗa, wai na lalace. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Sallah ba ta wuce ni, Juma'a ma ina samu in ba aiki ya riƙe ni ba. Wurin nan lambu ne na gari, Łazienki sunansa, dawisu da kurege na yawo a ciki. Duk Lahadi daga watan Mayu zuwa Satumba ana fito da fiyano, wani babban abin kiɗa da ake dannawa da yatsu, gefen wani ɗan tafki a kaɗa wa jama'a da ƙarfe 12 da kuma 4 na yamma, kyauta. Ko sisi ba na kashewa, a faɗa wa Goggo haka. Mutum-mutumin kuwa na wani makaɗinsu ne, Chopin, an yi shi zaune ƙarƙashin bishiyar da iska ta kwantar wa rassa. Ba mai bauta masa. Jamusawa sun farfasa shi a 1940, mutanen Folan suka sake kafa shi a 1958.

Yaya, kiɗan nan ba waƙa a cikinsa, ba rawa. Tsoho da yaro kowa ya zauna kan ciyawa ya yi tsit. Na ga wata tsohuwa kusa da ni, ido a rufe, yatsunta na motsi kan gwiwarta har aka gama. Akwai wani kiɗan Chopin ɗin da suke wa laƙabi da ɗigon ruwa, ya kammala shi a tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen cikin hunturun 1838 zuwa 1839 yana fama da ciwon ƙirji. Sauti ɗaya ne ke ta maimaituwa a ƙasa, ɗis, ɗis, sauran na zagaya shi. Can tsakiya sai ya yi nauyi, hadari ya haɗo, sannan ya washe. Ni dai kamar yoyon ɗakin Inna na faɗawa cikin bokiti na ji shi, har sai da na sunkuyar da kai. Ni ina nan ƙarƙashin rufi mai kyau, ita tana jan katifa gefe cikin dare. A gyara kwanon nan.

Shi ma Chopin ɗin ɗan ci-rani ne, abin da ya sa na kasa daina zuwa ke nan. Ya bar Warso a 1830 yana da shekara 20, bai sake taka ƙasarsu ba har ya mutu a Faransa a 1849. 'Yar'uwarsa ce ta ɗauko zuciyarsa ta dawo da ita garin nan. Allah Ya kiyashe mu da mutuwar baƙunta.

Makaɗan zamani ma haka suke yi. Wani abokin aikina ya nuna mini a waya wani ɗan Italiya, Einaudi, da aka ɗora wa fiyano kan wani dandali a tsakiyar tekun ƙanƙara can arewacin Norway a 2016. Yana kaɗawa a hankali, dutsen ƙanƙara na ɓallewa a bayansa yana ruftawa cikin ruwa. Don a jawo hankalin duniya kan ɗumamar yanayi aka yi, abin da mu ma muke gani a gona in ruwa ya yi jinkiri.

Ban zo ƙasar nan yawon shaƙatawa ba. Kwana shida ina ɗaukar kaya a sito, kuma tunda na zo ban taɓa barin ku ba aike ba. In mutum bai sami inda zai zauna ya huce ba, tunanin gida sai ya kwantar da shi.

An ce Auta ya fara kwana a majalisa. Ka ja masa kunne, in bai koma makaranta ba ba waya ba komai daga gare ni. In an gama aikin ɗakin ka turo mini hoto, da takardar biyan kuɗin makarantar. Ka karanta wa Inna wasiƙar nan kafin Goggo ta sake zuwa, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. A gaida Kawu da matarka da yara.

Naka,
ƙaninka