Amsa ga ɗalibina da aka ce wa "mumpsimus"

Ɗana, ka tsare ni ranar Asabar a taron tsofaffin ɗalibai gaban kowa da kowa, wai tunda ni na koya muku Turanci in faɗa maka ma'anar mumpsimus, don wani a ofis ɗinku ya jefe ka da ita kuma kana so ka ji ko zagi ne. Hayaniya ba ta bari na amsa ba, to ga shi a rubuce.

Gaskiya ba yabo ba ne. Kalmar ba ta nufin kuskure kawai, kowa na yin kuskure ai, tana nufin kuskuren da aka nuna maka ƙuru-ƙuru ka gani amma ka kafe ka ce kai haka ka saba. Shi mai kafewar ma haka ake kiransa.

Asalinta labarin wani limamin coci ne da ke karanta addu'a da Latin, wurin da zai ce sumpsimus, wato mun karɓa, sai ya riƙa cewa mumpsimus, wadda ba ta da wata ma'ana ko ta sisin kwabo. Aka gyara masa ya ƙi. Erasmus, malamin nan ɗan Holan, shi ya kawo labarin a wata wasiƙa a 1516 ya ce shekara 20 mutumin ya yi yana faɗa, kuma habaici yake wa masu sukar gyaran da ya yi wa fassarar Sabon Alkawari. A 1517 wani Bature ɗan Ingila Richard Pace ya sake ba da labarin, shekarun suka koma 30, ka san labari in ya bi baki. Har sarkin Ingila Henry na 8 sai da ya ari kalmar gaban majalisa a Disambar 1545, yana faɗa da masu riƙe tsohon mumpsimus ɗinsu da kuma masu rawar kai da sabon sumpsimus, bai bar kowa ba.

Sai da na tambayi na kusa da kai na ji ashe kan rubuta "ya na" a rabe ne rigimar, an ce ka haɗe ka ce tun firamare haka kake yi. To abokin aikin naka ya yi gaskiya, "yana" ake rubutawa. Ni ma na fi shekara goma ina raba ta, wata ɗaliba 'yar aji uku ce ta ɗaga hannu ta gyara min a allo, sai da na yi kwana biyu ina jin haushinta.