A duba launin wutar silinda kafin a matse kafireto

Edita,

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kusan duk direban da ke jan tsohuwar mota roƙonsa ɗaya ne a gareji: a rage mata shan mai. Abin da ake yi kuwa shi ne a ɗauki sukudireba a matse sukurun mai na kafireto har sai inji ya fara rawa, a ɗan saki, a ce an gama. Wannan aikin kunne ne, kuma yana cin bawul. Masu Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna, da masu tsofaffin Golf da Hiace na kafireto, su suka fi shan wahalarsa.

Akwai hanyar da ido zai ga abin da ke faruwa cikin silinda. Kamfanin Gunson na Ingila yana yin wani fulogi mai kan gilashi, sunansa Colortune, ana ɗaura shi a gurbin fulogi ɗaya a leƙa wutar tana ci. Fetur yana ƙonewa tsaf idan ya sami iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 a nauyi, kuma a nan wutar shuɗiya ce kamar ta murhun gas mai kyau. Idan mai ya yi yawa sai ta koma ruwan ɗorawa, saboda ɓurɓushin baƙin da bai ƙone ba yana yin jajir yana haske. Idan iska ta rinjaya sai shuɗin ya koɗe ya yi fari-fari, wutar tana ɗaukewa tana dawowa.

Kada a taɓa kafireto sai an gyara na gabansa. A daidaita bawul, a sa tazarar kwantak (0.40 mm a 504), a saita taimin, a wanke ko a canja matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta cikin makonni. Inji ya yi zafinsa na aiki, cok a buɗe gaba ɗaya. Sannan a kashe, a cire fulogi ɗaya, a ɗaura na gilashin da hannu, a ɗan ƙara kaɗan kawai, don matsi mai yawa yana fasa shi. Yawancin motocin nan zaren 14 mm suke ɗauka, babura kuwa akwai na 10 da 12. Fulogin 504 a can cikin rami suke, don haka dole a yi amfani da bututun madubin da ke zuwa da Colortune, kuma a yi aikin a inuwa.

A tayar, a bar shi a silo, wajen juyi 800 zuwa 900 a minti. A kafireton kamfanin Solex, kwance sukurun mai yana ƙara mai. A kwance har wuta ta yi ruwan ɗorawa, sannan a riƙa ɗaurewa kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ana jiran daƙiƙa goma kowane karo, har ɗorawar ta ɓace shuɗi ya zauna. A tsaya nan. Wanda ya wuce wurin don tsimin mai, zafi zai ƙaru, inji ya riƙa tari, bawul ɗin salansa ya ƙone.

A taka totur da sauri: wuta ta yi walƙiyar ɗorawa ta koma shuɗi, alamar famfon totur yana fesa mai. In ba ta yi ba, robarsa ta mutu ko bakinsa ya toshe. Ɗorawar da ta ƙi tafiya duk yadda aka ɗaure tana nuna fulot, wato abin da ke iyo a kan mai yana tsayar da shigarsa, ya bar tukunyar kafireto ta cika da yawa, ko allurarsa tana yoyo. Farin da ya ƙi gyaruwa kuwa iska ce ke satar shiga ta gaskit ko tsagaggen tiyo, kuma sauya fulogin zuwa wata silinda zai nuna ɓangaren da take shiga.

Minti biyu ko uku sun isa a kowane gwaji, kuma ba a hawa titi da wannan fulogi, domin gilashin ba ya jure zafin inji mai ɗauke da kaya. Muna roƙon shugabannin makanikai a Panteka da 'yan kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano su samar da shi, ko ɗaya ne a kowane gareji, yaran da ke koyon aiki su ga wutar da idonsu.

Naku,
Wasu makanikan kafireto, Kaduna